Mai Difloma a Ƙofar Jami'a: Ina Mafita In Ba a Sami Gurbi Ba?



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace a ba malamin Hausa damar yin magana a kan abin da wani zai ce aikin magatakardan jami'a ne. To, amma duk malamin da ɗalibai ke sallama a ofishinsa ya san wannan batu, ko da wane fanni yake koyarwa, domin kuwa batu ne da ya shiga gidaje da yawa a wannan yanki namu.

Ga yadda abin yakan kasance. Yaro ya gama sakandare a Jega ko Maiyama, bai sami jami'a ba a karon farko, sai a ce ya tafi foliteknik kafin Allah ya kawo. Ya tafi Birnin Kebbi ko Dakingari, ya yi shekara biyu ya fito da ƙaramar difloma, watau ND. Wani ma ya ƙara shekarar koyon aiki, ya sake yin wasu biyu, ya sami babbar difloma, watau HND. Sa'an nan ya sayi fom ɗin shiga jami'a kai tsaye daga hukumar JAMB, ya zauna jira. Jerin sunaye na farko ya fito babu shi, na biyu ya fito babu shi, na ƙarshe ma haka. Uban da ya sayar da buhunan albasa ya biya kuɗin makaranta ya soma tambayar kansa ko asara ya tafka, shi kuwa yaron ya soma sauraron duk wanda ya ce masa ya san wata hanya.

Abin da nake son tabbatarwa a wannan lacca abu guda ne. Rashin samun gurbi yana da dalili, kuma dalilin nan shi ke nuna hanyar da ta dace da mutum. Wanda ya kama sabuwar hanya bai san abin da ya tare masa ta farko ba, sau da yawa abin nan zai sake tarar da shi a gaba, bayan ya ɓatar da kuɗi da shekaru.

Asalin katangar

Kafin mu shiga hanyoyin, ya kamata mu san inda katangar da ke tsakanin difloma da digiri ta samo asali, domin ta girmi kowa a wannan ɗaki. A shekarar 1934 Turawan mulki suka yi bikin buɗe Babbar Kwalejin Yaba a Legas, domin horar da mataimakan likitoci da mataimakan injiniyoyi da malamai. A lura da kalmar, mataimaka. Ɗalibi ya daɗe yana karatu mai wuya, amma takardar da zai fita da ita difloma ce wadda ba ta kai darajar digirin Ingila ba, saboda haka a wurin aiki kullum yana ƙarƙashin Bature. Ƙorafin da 'yan boko suka yi a kan haka yana cikin abin da ya haifar da Ƙungiyar Matasan Legas a wannan shekara. Ashe ke nan kukan mai difloma yana cikin kukan da aka soma neman 'yancin kai da shi.

A Arewa, an kafa Makarantar Koyon Sana'a ta Kaduna a 1956, wadda ta zama Foliteknik ta Kaduna a 1968. Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya kuwa, ita sai Jami'ar Ahmadu Bello ta haɗiye ta a 1962. Bayan yaƙin basasa aka ƙara kafe rabuwar da doka: Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta sami cikakken iko a 1974, aka kafa Hukumar Kula da Ilmin Fasaha, NBTE, a 1977, aka kafa JAMB a 1978. Tsani biyu ke nan aka jingina a bango ɗaya, kowane da mai riƙe da shi, ba a kuwa yi wata shimfiɗa ta kirki da mutum zai taka ya tsallaka daga wannan zuwa wancan ba.

A aikin gwamnati ne abin ya fi ciwo. An daɗe ana tsayar da mai HND a mataki na 14, alhali mai digiri yana iya kaiwa na 17. A 2016, a taron da aka yi a Minna, majalisar da ke tsara aikin gwamnati ta amince mai HND ya fara aiki a mataki na 8 kamar mai digiri, amma wannan gyaran ƙofar shiga ne, bai ɗaga rufin ba. A 2021 Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke bambancin baki ɗaya, har Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba. Saboda haka in kun ga magidanci mai 'ya'ya biyar yana neman komawa aji, kada ku ce son takarda ne. Ya hango inda za a tsayar da shi ne, yaron da ya koya wa aiki ya zo ya wuce.

Mu a nan muna da namu ƙarin dalili. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Foliteknik ta Birnin Kebbi, wadda yau ake kira Waziri Umaru, ita ce babbar makarantar da ke kusa, jami'a kuwa sai an tafi Sakkwato, inda aka kafa ta a 1975. Sai a 2006, zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda daga baya aka sa wa sunan Abdullahi Fodiyo. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta zo a 2013, ta Aikin Gona ta Zuru a 2020. Shekara 15 ke nan jiha tana ɗaukar ma'aikata ba ta da jami'ar kanta. Wannan shi ya sa in ka shiga sakatariyar Ƙaramar Hukuma a Jega ko Maiyama za ka tarar da masu difloma da yawa a kan kujerun da aiki ya dogara da su.

Me ya hana?

Jami'o'inmu ba su saba rubuta wa mutum dalilin da ya sa ba a ɗauke shi ba. Shiru kawai zai ji. To, shirun nan yana ɓoye abubuwa da suka sha bamban ƙwarai, kuma wajibi ne mai nema ya tono nasa.

Mafi yawan abin da ke kayar da mutane ba ya cikin diflomar ma sam, yana can baya a takardar sakandare. Jami'a tana neman kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin, har da Turanci, da Lissafi a fannonin kimiyya da injiniya da kasuwanci, kuma a zama ɗaya ko biyu. Akwai waɗanda suka shiga foliteknik a shekarun baya da fas a Turanci, aka ce su gyara kafin su fita, ba su gyara ba. Difloma ko ta fi kowace kyau ba ta toshe wannan rami. Mai irin wannan matsala, ko jami'a goma ya nema amsa ɗaya zai samu, kuma maganinsa shi ne mafi araha duka: ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, ya cike darasin da ya rage. Na san abin da nauyi a ce mai gemu ya zauna benci ɗaya da sa'o'in ƙanensa. Nauyin wata biyu ne.

Sai darajar diflomar kanta. Sakamakon foliteknik hawa huɗu ne: mafi girma daga maki 3.50 zuwa 4.00, kiredit na sama daga 3.00, kiredit na ƙasa daga 2.50, sa'an nan fas daga 2.00. Jami'o'i da yawa kiredit na sama suke nema ga mai ND, wasu sukan karɓi na ƙasa a wasu fannoni, fas kuwa da wuya ya buɗe ƙofar shiga kai tsaye. Haka nan dole fannin ya dace. Wanda ya yi difloma a harkar mulki ba zai shiga aji biyu na kimiyyar kwamfuta ba, domin abin da aka koyar a aji ɗaya bai taɓa jin sa ba. Duk wannan yana rubuce a littafin ƙa'idoji na JAMB, wanda ke kan intanet kyauta, amma kaɗan ne ke karanta shi kafin su biya kuɗin fom.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan ɗaci. Ba kowace takarda mai suna difloma ce ND ba. Makarantu da yawa a ƙasar nan sun yi ta ba da diflomar da suka ƙirƙiro da kansu, wadda NBTE ba ta tantance ba, ɗalibi kuwa bai san bambancin ba sai ranar da ya kai ta inda ake dubawa. Wani kuma diflomarsa ta gaskiya ce, amma makarantar ta ɗauke shi ba ta hannun JAMB ba, saboda haka babu sunansa a rajistar hukumar. Tun da JAMB ta kawo tsarin CAPS a 2017, duk ɗaukar da ba ta bi ta cikinsa ba haramtacciya ce a wurinta. Kuma hukumar ta ƙara tsananta bincike: a 2023 ta bayyana cewa daga cikin takardu 148 na masu neman shiga kai tsaye da Jami'ar Bayero ta bincika, 6 kaɗai aka samu na gaskiya. Masu jabu sun ja wa masu gaskiya. Yanzu sai makarantar da ta ba ka takarda ta tabbatar da ita, in kuwa ta yi jinkirin amsawa, kai ne shekara za ta wuce.

A nan ina roƙon Shugaba ya bar ni in ɗan ratse zuwa fannina, domin akwai matsalar da ta shafi harshe kai tsaye, watau rubutun suna. Bahaushe yana da sunan yanka, da sunan uba, da sunan gari, da laƙabi, kuma bai ɗauki jeranta su wani abu ba. Sai ka ga mutum ɗaya a takardar sakandare Muhammad ne, a difloma Mohammed, a katin ɗan ƙasa Mamman. A nan sunan garinsu ne a ƙarshe, a can sunan mahaifinsa. A wata takarda an haife shi ran 1 ga Janairu, domin ranar da malamin firamare ya ga dama ya rubuta wa ajin duka ke nan, a wata kuma wata rana dabam. Da can magatakarda yakan dubi fuskarka ya ce ai shi ne. Kwamfuta ba ta san fuska ba, harafi take ƙirgawa. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar ɗan ƙasa, NIN, kuma daga can take ɗauko suna. Ina ganin da malaman firamare da na sakandare za su tsaya a kan ƙa'idar rubutun Hausa wajen rubuta sunayen yara tun ranar farko, da an rage wa mutanenmu zirga-zirgar kotu neman takardar rantsuwa.

In duk waɗannan sun daidaita, kuma ba a ɗauki mutum ba, to saura dalili ɗaya, shi ne ƙarancin gurbi. NUC ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, kason masu shiga kai tsaye kuwa ƙarami ne, kuma a cikinsa mai ND yake gogayya da mai NCE da mai IJMB. Wannan mutum ba shi da laifin komai. Layi ne ya yi tsawo.

Hanyoyin da ke buɗe

Wanda layi ya hana, shawararsa mai sauƙi ce, ko da yake ba ta da daɗin ji: ya sake nema, amma ya sauya layi. JAMB tana ba da damar canza jami'a ko fanni. Garin Jega mararraba ne, hanya ɗaya ta bi ta Aliero da Tambuwal zuwa Sakkwato, ɗaya ta bi ta Kalgo zuwa Birnin Kebbi, ɗaya ta bi ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri, kuma yau akwai jami'o'in gwamnati a Aliero da Sakkwato da Birnin Kebbi da Zuru. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilmin zamani, Kebbi kuwa tana cikinsu. Ɗan Maiyama da ya nace sai wata jami'a mai nisa, ya bar wadda yake da kaso biyu a cikinta, shi ya ƙuntata wa kansa. Haka wanda ya ce in ba fannin da kowa ke rububi ba ya fasa, alhali ga wani makusancinsa da kujeru a buɗe. Kuma a riƙa duba CAPS. Akwai waɗanda aka ba gurbi ba su sani ba, ba su karɓa ba har lokaci ya wuce, da waɗanda ba su ɗora sakamakon sakandarensu a kai ba, saboda haka ba a ma duba su ba.

Wanda diflomarsa fas ce, ko ba a tantance ta ba, ko yake son sauya fanni ɗungurungum, yana da zaɓi biyu. Ko dai ya rubuta jarrabawar JAMB ya fara daga aji ɗaya, ko ya yi shekara guda a IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita tun shekarun 1970, ko takwararta JUPEB. Abin lura shi ne IJMB tana mayar da mutum layin shiga kai tsaye ne, watau ƙaramin kason nan da muka ambata. A ganina, ga matashi ɗan shekara 21 ko 22, fara wa daga aji ɗaya ya fi tabbas, kuma shekara ɗaya ce tak bambancin. Sai dai a yi lissafi: injiniya da aikin gona shekara biyar ne, kuma wanda ya haura shekara 30 ranar da ya gama ba ya tafiya hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.

Ga ma'aikaci kuwa lissafin dabam ne. Mai iyali da albashi ba zai ajiye aiki ya koma ɗakin kwanan ɗalibai ba. Shi hanyarsa karatu daga gida, ko na ƙarshen mako. Kada kowa ya raina wannan hanya, tsohuwa ce mai daraja. Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga waɗanda ba su zauna a cikinta ba, kuma ta wannan hanya Cif Obafemi Awolowo ya sami digirinsa na kasuwanci a 1944 yana nan Nijeriya. Ingila ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'arta a 1969. Tamu, watau NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, Shugaba Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Jami'ar tarayya ce, a ƙarƙashin NUC, tana da cibiyoyin karatu a jihohi har da tamu, ba ta da matsalar ƙarancin kujera irin ta sauran, kuma tana sa mai difloma a ajin da darajar takardarsa ta kai. Ga waɗanda suka fito daga Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jega suna aiki a asibitocin karkara, tana da digiri a fannin lafiyar al'umma. Amma ita ma tana neman kiredit biyar ɗin nan, kuma wahalarta a ɓoye take: babu malamin da zai tsaya a kanka, kai da littafi ne da waya bayan sallar isha'i, ga gajiyar aiki. Masu farawa sun fi masu gamawa yawa.

Gargaɗi ɗaya ga ma'aikata, kuma ina so a riƙe shi da kyau. Kada ka fara kowane karatu sai ka sami izni a rubuce daga hukumar da ta ɗauke ka aiki, kuma fannin ya dace da aikin da kake yi. Mutum yakan sha wahalar shekara huɗu, ya kawo digiri a gyara masa matsayi, a buɗe fayil a ce ba a san ya tafi karatu ba.

Yanzu sai mai HND, wanda shi ne ya fi shiga ruɗu, domin hanyoyinsa sun fi yawa kuma ba wuri ɗaya suke kaiwa ba. Tambayar da zai fara yi wa kansa ita ce, me nake so in yi da digirin? In ƙwarewa yake so da ci gaba a sana'arsa, to sau da yawa ba ya bukatar digirin farko. Yana iya yin diflomar gaba da digiri, PGD, shekara guda ko ɗaya da rabi, daga nan ya wuce digiri na biyu. Akanta mai HND yana da ikon zama jarrabawar ICAN ko ya bi ta ANAN kamar mai digiri, kuma a wannan sana'a takardar ƙungiya ita ce abin tinƙaho. A injiniya, hukumar COREN tana yi wa mai HND rajista a matsayin masanin fasaha, in ya ƙara PGD da ta amince da ita sai ƙofar zama cikakken injiniya ta buɗe masa.

Amma PGD ba ta zama digirin farko, ko an ɗora mata digiri na biyu. Wanda burinsa koyarwa a jami'a, ya sani jami'o'i da yawa za su tambaye shi digirin farko ranar ɗaukar aiki, ko da ya zo da na uku a hannu. Wanda kuma burinsa sauya layi a aikin gwamnati domin ya wuce mataki na 14, ya je ofishin Shugaban Ma'aikata ko Hukumar Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi a Birnin Kebbi, a nuna masa abin da tsarin aikin layinsa ya ce a rubuce, tun bai biya ko kwabo ba. In digirin farko ake nema, to ya nemi shiga kai tsaye da HND ɗinsa, wasu jami'o'i sukan sa shi aji uku, ko ya nemi shirin mayar da HND digiri da wasu jami'o'in ƙasar nan ke yi. Kuma ya tuna, wanda ya yi hidimar ƙasa da HND ya gama, ba a yin ta sau biyu.

Hanyar da ta fi kowace gajarta

Duk hanyoyin da na ambata suna cin shekara ɗaya zuwa huɗu. A nan ne mai cewa ya san wata hanya yake samun kasuwa, mu kuwa jiharmu tana iyaka da Jamhuriyar Benin, saboda haka tallan ba ya yi mana nisa. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu na jaridar Daily Nigerian, ya wallafa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai shiga aji ba, bai rubuta jarrabawa ba, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. Ran 2 ga Janairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. A watan Agusta na wannan shekara Ministan Ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu, ya ce jami'o'i takwas kaɗai gwamnati ta amince da su, biyar a Benin uku a Togo, ya kuma ce za a zaƙulo masu irin takardun daga aiki. Ku dubi ma'aikacin da yake da HND ta halal, yana mataki na 12, ya sayar da gona ya sayo digiri domin ya kai na 15. Yanzu ga gona ta tafi, ga aikin da yake da shi yana rawa, ga sunansa a bakin mutane. HND ɗin da ya raina ita kaɗai ce takardarsa ta gaskiya.

Ba 'yan damfara kaɗai ke jefa mutane a ruɗu ba, har hukumomi. A 2023 NBTE ta sanar da shirin shekara guda ta intanet, tare da wasu jami'o'in ƙasashen waje, domin mai HND ya sami digiri. A watan Oktoba na shekarar NUC ta fito ta ce ba da yawunta ba, kuma ita kaɗai doka ta ba ikon tsara digiri a Nijeriya. Ni ina ganin NBTE ta gano ciwon da gaske, amma talaka ba shi da kuɗin da zai sa a tsakanin hukumomi biyu masu jayayya. Ƙa'idar da zan ba ɗalibi ita ce, kafin ya biya, ya duba jerin NUC ya ga sunan jami'ar, ya kuma ga sunan fannin, domin jami'a tana iya zama halattacciya alhali wani shirin nata bai sami amincewa ba. Na ƙasar waje kuma a tambayi Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya.

Abin da ya rage wa hukuma

Ba zai yi kyau in ɗora wa ɗalibi nauyin duka ba, alhali ba shi ya gina katangar ba. Wasu ƙasashe sun rushe tasu. Ingila, wadda muka kwaikwayo, ta mayar da foliteknik ɗinta jami'o'i a 1992. Lokacin da nake karatu a can, sai an gaya maka kafin ka san wace jami'a ce tsohuwar foliteknik, ko da yake su Ingilishi, da son asali, ba su manta ba. Ghana ta bi sahu a 2016. A nan gida ma, a 2023 an sa hannu a dokar da ta ba kwalejojin ilmi na tarayya ikon ba da digiri tare da NCE. Ni dai ba na cikin masu son a mayar da kowace foliteknik jami'a, domin ƙasar da albasarta ke ruɓewa a rumbu don rashin ma'ajiya ta zamani tana bukatar masu aikin hannu da suka san abin da suke yi, fiye da yadda take bukatar ƙarin masu riƙe da fayil. Abin da nake so shi ne gada.

Gadar kuwa ba sai an jira Abuja ba. Jami'ar kimiyya da fasaha, a cikin dukan jami'o'i, ita ta fi cancanta ta san darajar wanda ya yi shekara biyu ko huɗu a ɗakin gwaji da wurin ƙira. Ina ba da shawara jami'ar Aliero ta zauna da Waziri Umaru da Foliteknik ta Dakingari da Kwalejin Jega, a ɗauki manhaja fanni fanni a gwada, a fitar da takarda guda mai nuna wace difloma ke kaiwa wane sashe, da wane sakamako, a wane aji. A raba wa ɗalibi ita ranar da ya shiga foliteknik, tun yana da damar neman kiredit na sama, maimakon ya ji labari bayan ya fita. Kowane sashe ya bayyana yawan kujerun shiga kai tsaye da yake da su kafin a sayar da fom. A nemi amincewar NUC a buɗe shirin ƙarshen mako na masu HND, domin ma'aikacin Jega ko Maiyama yana iya zuwa Aliero ranar Asabar da safe ya kwana a gidansa. Wanda kuma ba a ɗauka ba, a rubuta masa dalili, ko da layi ɗaya ne: Turancinka bai cika ba, ko diflomarka ba ta dace da fannin ba, ko ka cancanta amma kujeru sun ƙare. Kwamitin da ya ƙi shi ya riga ya san dalilin, rubutawa kawai ta rage.

Shugaba, na ga akwai magatakarda da jami'an ɗaukar ɗalibai a zauren nan, waɗanda suka fi ni sanin ƙa'idar kowane sashe ta bana. Zan dakata a nan domin masu tambaya su sami lokacinsu.